Tumatirin Damina Ya Cinye Kuɗin Maiɗakina, Baba Kuma Ya Ce Kada In Sake

Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne ɗan shekara 31 daga wani ƙauye a kudancin jihar Kano. Tun ina yaro nake noman rani tare da mahaifina a fadamarmu, kuma tumatir muka fi shukawa. Ganin yadda kwando ke yin tsada da damina, bara na roƙi Baba ya bar mini fadamar, na dasa tumatir a fiye da rabinta, sauran kuma na sa tattasai da attarugu da yalo. Kuɗina bai isa ba, sai maiɗakina ta sayar da tumakinta biyu, ta haɗa da kwasar adashinta ta ranta mini. Shuka ta yi kyau har ta fara fure, amma da marka ta kankama sai tumatirin ya riƙa yin yaushi alhali ganyensa kore shar, yau gindi biyar, gobe ashirin. Na fesa magani iri uku, babu wanda ya yi aiki. Tattasai ya zubar da fure, ɗan abin da ya kama kuma ya ruɓe. Yalo da attarugu ne kaɗai suka ba ni abin da na biya 'yan ƙwadago. Yanzu Baba ya ce noman tumatir da damina caca ce, bana masara za a shuka, kuma ba ya son a sake tayar da maganar. Maiɗakina ba ta taɓa tambayata kuɗinta ba, amma shirun nata ya fi damuna. Ga wani dillali ya ce zai ba ni kuɗin iri da taki bisa sharaɗin shi kaɗai zan sayar wa. Zuciyata tana son in sake gwadawa ko na wanke kaina. In bi maganar Baba in haƙura, ko in karɓi kuɗin dillalin?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ina yi maka jaje, Allah ya mayar maka da mafificin alheri. Duk wanda ya taɓa shiga gona da sassafe ya tarar da shukar da ya bari jiya a miƙe ta langaɓe kamar an kwara mata tafasasshen ruwa ya san irin nauyin da ƙirji ke ɗauka, ballantana idan kuɗin da aka zuba na mutumin da kake kwana kake tashi da shi ne. Sai dai a duk wasiƙarka babu abin da ya fi tsaya mini a rai kamar inda ka ce kana son ka wanke kanka, domin manomin da ya koma gona da niyyar rufe bakin mutane yakan faɗaɗa fili fiye da ƙarfinsa, ya ci bashin da bai kamata ba, ya kuma yi gaggawar da shuka ba ta san da ita ba. Saboda haka ina so mu fara gano abin da ya kashe tumatirin, don a kansa ne maganar Baba da ta maiɗakinka da ta dillalin duk za su zauna.

Alamun da ka bayyana, wato shuka ta yi yaushi ganyenta bai ko yi rawaya ba, ta mutu cikin kwanaki kaɗan, abin kuma ya riƙa yaɗuwa daga gindi zuwa gindi a lokacin da ƙasa ta jiƙe sharkaf, sun fi kama da cutar yaushi da wata bakteriya mai zama a cikin ƙasa ke kawowa. Tana shiga ta saiwa, musamman inda fartanya ko tsutsar ƙasa ta yi rauni, sai ta hayayyafa ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi ya hau sama, shukar ta mutu da ƙishirwa alhali tana tsaye cikin ruwa. Shi ya sa magungunan nan uku ba su yi maka komai ba: kana fesa ganye, ɓarna kuwa tana can cikin kara, kuma har yanzu babu wani maganin feshi da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu. Akwai gwajin da za ka iya yi da kanka duk ranar da ka sake ganin haka. Ka yanko karan shukar daga kusa da ƙasa, ka rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garai-garai, ka bar shi ba motsi na 'yan mintoci. Idan ka ga wani farin abu yana zirarowa kamar hayaƙi ko zaren madara, to ita ce. Idan ba ka ga komai ba, mai yiwuwa kwanciyar ruwa ce kawai ta shaƙe saiwoyin, wanda shi ma yana kashe tumatir cikin kwana biyu zuwa uku.

Za ka ce ai a wannan fadamar kuke noman rani shekara da shekaru, ba ku taɓa ganin irin wannan ba. Dalilin shi ne cutar tana son zafi da laima a haɗe. Lokacin hunturu ƙasa tana da sanyi, ruwan ma ku ne kuke ba da shi da awo, sai cutar ta lafa. Da damina kuwa ƙasa ta yi ɗumi, fadama ta cika, ruwan da ke kwarara ya riƙa ɗaukar cutar daga wannan kunya zuwa waccan. Ga shi kuma tumatir da yalo da tattasai da attarugu da barkono, har da dankalin Turawa da taba, duk dangi ɗaya ne, cuta ɗaya ke cin su, don haka filin da aka daɗe ana maimaita su a cikinsa ya zama rumbun cutar. Abin da ka yi bara noman rani ne ka ɗauko shi sukutum ka dasa a tsakiyar damina, a fili ɗaya, da salo ɗaya, kuma ina kyautata zaton da iri ɗaya, wato UTC ko Roma da muka saba da su, waɗanda ba a yi su don jure wa marka ba. Tattasai shi ne ya fi kowa raki a dangin, ba ya son ƙafarsa cikin ruwa, kuma yawan hadari da laima kan sa ya zubar da fure, 'ya'yansa su yi tabo su ruɓe. Yalo da attarugu da suka tsira sun gaya maka wani abu da ya kamata ka riƙe: su ne masu jimirin damina.

A nan ne nake roƙonka ka sake sauraron Baba da kunne na daban. Da ya ce caca ce, game da fadamarku yake magana, wadda ya san inda ruwa ke kwanciya a cikinta tun ba a haife ka ba, kuma a kan wannan fili gaskiyarsa ce tsantsa. Har ma masarar da ya ce a shuka ita ce maganin da malamin gona zai rubuta maka, domin hatsi irin su masara da dawa da shinkafa ba sa ciyar da wannan cuta, kuma idan aka yi shekara uku zuwa huɗu ana juya su a fili ƙarfinta yana raguwa ƙwarai. Inda na ɗan saɓa da shi kawai shi ne idan yana nufin ko'ina ba a noman tumatir da damina, domin manoman Filato suna yi, kuma wasu a Kano da Kaduna da Katsina suna yi a kan tudu da irin da ya dace. Amma kada ka je masa da wannan a matsayin gardama. Dattijon da ya ba ka fadamar gida ka yi asara a idon gari shi ma ya ji kunya, kuma hana tayar da maganar da ya yi wataƙila hanyarsa ce ta rufa maka asiri. Ka same shi bayan sallar isha'i ku biyu kawai, ka fara da cewa ya yi gaskiya, ka gano fadama ba wurin wannan noma ba ce, kuma kai ne za ka tsaya a kan aikin masarar bana tun daga huɗa har girbi. Sai bayan ya ga haka a aikace za ka roƙe shi ɗan yanki a gonar tudu a matsayin gayauna, wanda bai wuce rubu'in eka ba, ka ce kana son ka gwada wata dabara da guminka. Uba yakan hana ɗa gandu, amma da wuya ya hana shi gayauna. Idan kana jin nauyin furtawa, ka bi ta hannun wani baffanka ko amininsa da yake jin maganarsa.

Maganar maiɗakinka kuwa ba ta jiran damina. Abin da ta ba ka rance ne, kai da kanka ka kira shi haka, kuma dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita ta miji ba. Shirun da take yi kara ce da kawaici, kada ka ɗauke shi a matsayin yafiya, kuma kada ka bari sai ranar da wata 'yar tankiya ta taso sannan maganar ta fito da zafi. Ka zaunar da ita ka ambaci adadin kuɗin da bakinka, ka gode mata, ka gaya mata yadda za ka biya da lokacin da za ka fara. Ko da tunkiya ɗaya ce ka saya mata daga ribar noman rani, ganinta ɗaure a turke zai yi mata daɗin da alƙawari goma ba za su yi ba. Bana kuma kada ka karɓi ko sisinta, ko da ita ce ta yi tayi. Ka dai gaya mata shirin da kake yi dalla-dalla, domin wadda ta sayar da tumakinta saboda kai ta cancanci ta ji daga bakinka kafin ta ji a wurin matan unguwa.

Dillalin nan ban ce mugu ba ne, sana'arsa yake yi, kuma shi ma kasada yake ɗauka. Amma ka lura cewa duk abin da ya ja ka zuwa noman damina tsadar kaya ce, sharaɗinsa kuma yana ɗauke maka ita, domin ranar da kwando ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar Kwanar Gafan ko 'Yan Kaba kai ba ka da ikon kai kayanka can. Idan kuma shuka ta sake lalacewa, bashi biyu ke kanka maimakon ɗaya, na biyun kuwa ba ya da kawaicin na farko. Shawarata ita ce ka ba shi haƙuri bana. Idan wata rana hannunka ya faɗa har ka ga dacewar irin wannan hulɗa, to a rubuta ta a gaban shaidu, a ce farashin ranar ɗiba ne za a bi, a kuma fayyace abin da zai faru idan annoba ta faɗa wa gona.

Yanzu ga aikin kansa. Ka zaɓi wuri mai ɗan gangare, mai ƙasa jigawa-jigawa wadda ruwa ba ya kwana a kanta, wadda kuma aka yi shekaru ba a sa tumatir ko danginsa ba, sannan ka tabbata ruwan wata gonar kayan miya ba ya gangarowa cikinta. Da rani kun saba dasawa a cikin fangali don ya riƙe ruwa, da damina kuwa akasin haka ake so: kunya mai tudu, tsayinta santimita 20 zuwa 30, da kwari a tsakani wanda ke da mafita, ta yadda awa ɗaya bayan an ɗauke ruwa ba za ka ga tafki a gonarka ba. Ka zuba takin gargajiya da ya ruɓe sosai mako biyu kafin dashe. Game da rabon fili, da ni ne da na ba yalo da attarugu da barkono kashi biyu cikin uku, tumatir kashi ɗaya, tattasai kuwa in bar shi sai rani ko in sa layi biyu kawai don koyo. Yalo idan ya fara bayarwa yakan yi watanni ana ɗiba kowane mako, shi zai riƙa kawo kuɗin magani da na cefane, barkono kuma idan kasuwa ta faɗi sai ka shanya ka adana.

Iri shi ne inda bai kamata ka yi ƙwauro ba. Akwai ire-iren da aka inganta don zafi da laima da jure wa cutar yaushi, irin su Padma da Platinum da Cobra, waɗanda za ka ga an rubuta F1 a jikin fakitinsu. Ka saya a rufe daga dilan da aka sani, ka duba ranar ƙarewar wa'adinsa, ka kuma guji wanda ake auna wa mutane a ƙullin leda. Juriya ba ta nufin cuta ba za ta taɓa shi ba sam, kuma ba a ajiye 'ya'yansa don shukar baɗi, domin jikokin ba sa fitowa kamar iyayen. Gadon reno ma ka ɗaga shi sama, ka yi masa 'yar rumfa da za ta tare bugun ruwa amma ta bar haske da iska, kada kuma ka cusa iri da yawa wuri ɗaya, don cunkoso da laima ne ke sa ƙananan tsirrai su ruɓe daga wuya su faɗi. Tumatir yana isa dashe a mako uku zuwa huɗu, yalo da dangin barkono kuwa sai biyar zuwa shida. Ka dasa da yamma, ka bar kamar kamu ɗaya tsakanin gindi da gindi, yalo kuma ka ƙara masa fili don yana buɗewa.

Abin da ya fi bambanta tumatirin damina da na rani shi ne ba a barinsa ya kwanta a ƙasa. Mako biyu bayan dashe ka kafa sanduna ka ja igiya ka ɗaure shi, ka riƙa cire ganyen ƙasa da ke taɓa turɓaya, ka kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa a kan kunya. Idan ka taɓa duba gindin tumatir bayan ruwa mai ƙarfi za ka ga taɓo ya fantsama har tsakiyar shukar, to a cikin wannan fantsamar cututtukan ganye suke hawa, irin mai yin tabo ruwan ƙasa da zobe-zobe a cikinsa wanda ke farawa daga ganyen ƙasa ya yi sama. Irin waɗannan su ne feshi ke yi wa amfani, kuma rigakafi ake yi ba jiran su bayyana ba: magani mai sinadarin mancozeb ko na jan ƙarfe, duk kwana bakwai zuwa goma a lokacin marka, a ranar da ganye ya bushe kuma babu alamar hadari kusa. Ka bi awon da aka rubuta a jikin maganin, ka rufe hanci da jiki, ka kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin ɗiba, domin abin da za ka kai kasuwa miyar wani gida ce. Ka sa ido kan farin ƙuda da ke ɓuya a bayan ganye, shi ke kawo cutar da ke nannaɗe ganye ta tsumburar da shuka. Duk gindin da ya yi yaushi ka tuge shi da ƙasarsa ka fitar da shi ka ƙone, kada ka jefa a kwari ko a rafi, kuma ka wanke fartanya kafin ka kai ta wani layi. Taki kuma kada ka zuba shi gaba ɗaya, ruwa zai wanke shi: NPK cikin murfin kwalbar lemo ga kowane gindi, a binne ɗan nesa da kara, kwana goma bayan dashe, sannan a maimaita duk mako uku. Yawan yuriya yana sa ganye ya yi duhu har ka yi ta murna, amma fure yake ragewa, cuta kuma yake gayyata.

Lokaci ma zaɓi ne. Wanda ya dasa a Afrilu ko farkon Mayu da taimakon injin ban-ruwa yana farautar mafi tsadar kasuwa, amma yana karo da zafin bazara da ke zubar da fure, da kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ɓarnarta ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun 2016. Ban ba mai koyo shawarar wannan ba. Dashen Yuni, bayan ruwa ya zauna, ya fi sauƙi, sai dai ɗibarsa za ta faɗo cikin marka, don haka a riƙa cire 'ya'yan da zarar sun fara sauya launi, kafin ruwa ya tsattsage su, a kuma zuba su a kiret maimakon kwandon da ke matse na ƙasa. Akwai kuma hanya ta uku wadda nake ganin ta fi dacewa da halin da kake ciki idan Baba bai sakko da wuri ba: ka yi reno a Agusta, ka dasa a Satumba lokacin da ruwa ya fara ja da baya, ka ƙarasa da ban-ruwa, ka ɗiba a Nuwamba kafin tumatirin rani ya cika kasuwa. Kafin nan ya ga masararsa ta yi goyo, ya kuma ga wanda ya yi mata aiki.

Bari in ƙara maka wani abu da nake ganin zai ba ka sha'awa, tunda yalonka ya tsira inda tumatir ya mutu. Kamar yadda ake yi wa mangwaro aure, haka ake ɗora kan tumatir a kan gindin yalo tun suna ƙanana, a yanka su a karkace, a haɗa da ɗan bututun roba, a ajiye su a inuwa mai laima kamar mako guda har su kama. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan ta daɗe tana koyar da wannan dabara don wuraren da ruwa ke kwanciya ko cutar yaushi ta yi katutu, domin saiwar yalo ta fi jure wa duka biyun. Ba kowane yalo ne ke da wannan juriya ba, aikin kuma yana son hannu mai laushi, don haka kada ka ɗora gonarka a kansa bana. Ka gwada da gindi ashirin a gefe don idonka ya gani.

Kafin ka sayi ko fakiti ɗaya na iri, ka nemi malamin gona na KNARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, da ke yankinku ya taka ya ga filin da kake so, idan kuma hanya ta kai ka Bagauda, akwai reshen cibiyar NIHORT mai binciken kayan lambu a can. Ka kuma yi cigiyar wani manomi a kusa da ku wanda ya yi damina biyu ko uku yana ɗibar tumatir, ka je ka taya shi aiki na 'yan kwanaki ko ba lada, ka ga yadda yake ɗaurin igiya da yadda ya fitar da kwarin ruwansa. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe da duk abin da ka sayar, har da ranakun dashe da na feshi, domin da wannan littafin za ka zauna gaban Baba da kaka idan kana son a ƙara maka fili. Ka gaishe mini da shi da maiɗakinka, kuma idan ka yi gwajin kofin nan ka rubuto ka gaya mini abin da ka gani. Allah ya ba mu damina mai albarka.